Dinari Biyu na Basamariye: Darasi a kan Jinƙai da Gidan Jariran da Aka Yar



Babu Kirista a cikinmu, ko da ɗan ajin katikisma ne, wanda bai san misalin Basamariye mai kirki ba, wanda Waliyi Luka ya rubuta mana a sura ta 10 ta Bishararsa. Mun san mutumin da ya gangaro daga Urushalima zuwa Yariko ya faɗa hannun 'yan fashi. Mun san firist da Balawe da suka ratse ta gefe guda. Mun san baƙon da ya tsaya ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan. Yawancin wa'azinmu a nan bakin hanya yake ƙarewa, amma Ubangijinmu ya ci gaba da labarin. Ya ce Basamariyen ya ɗora majinyacin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Kashegari ya ciro dinari biyu ya ba mai masaukin, ya damƙa masa amanar mutumin, ya kuma yi alkawari cewa duk abin da aka kashe fiye da haka zai biya sa'ad da ya komo. Dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙwadago na yini guda, kamar yadda muka gani a misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura ta 20. Wato ya ajiye ladan kwana biyu a hannu, ya kuma ɗauki bashin da shi kansa bai san iyakarsa ba.

A kan wannan aya ta 35 nake so mu yi nazari a wannan darasi, domin ita ce ta shafi gidan da Sistoci ke renon jariran da aka yar a cikin dayosis ɗinmu. Wannan gida masauki ne. Sistoci da masu taya su aiki su ne masu masaukin. Wanda ya tsinci jariri a bakin kwata ya kai shi can ya yi rabin aikin Basamariye. Tambayar da ta rage ita ce: wa zai ajiye dinarin, wa kuma zai komo?

Tausayin da ke motsa kayan ciki

Kalmar da Luka ya yi amfani da ita da Helenanci, wadda muke fassarawa da jin tausayi, ta samo asali ne daga kayan cikin mutum, hanji da hanta. Sau uku kaɗai ya kawo wannan aikatau a Bishararsa: sa'ad da Yesu ya ga gwauruwar garin Nayin tana bin gawar ɗanta tilo (sura ta 7), sa'ad da Basamariye ya ga wanda aka jikkata (sura ta 10), da sa'ad da uba ya hango ɓataccen ɗansa daga nesa (sura ta 15). A duk wurare ukun jiki ya bi zuciya nan take. Yesu ya taɓa makara, Basamariye ya ɗaure rauni, tsoho ya sheƙa a guje. Tausayin da ya tsaya a kan cewa “Allah sarki!” bai kai ga ma'anar wannan kalma ba.

A Ibrananci kuwa al'amarin ya fi kusa da zancenmu. Kalmar jinƙan Allah, rahamim, ta fito daga rehem, wato mahaifar mace. Wannan saiwa ɗaya ce da ta Larabci wadda ta ba mu kalmar rahama da muke furtawa kullum a Hausa. Ashe duk sa'ad da muka roƙi rahamar Allah, muna roƙon ya ji game da mu abin da uwa ke ji game da ɗan cikinta. Annabi Ishaya, a sura ta 49, ya kai zancen har ƙarshensa: ya yarda cewa mai yiwuwa ne uwa ta manta da jaririn da take shayarwa, amma ya ce Allah ba zai manta da jama'arsa ba. Mai Zabura ta 27 ma ya sa zuciya cewa ko uwa da uba sun yashe shi, Ubangiji zai karɓe shi.

Akwai kuma nassin da ba a cika karantawa a majami'unmu ba, wato Ezekiyel sura ta 16. A can Allah ya kwatanta Urushalima da jaririyar da aka haifa ba a yanke mata cibiya ba, ba a yi mata wanka ba, ba a shafa mata gishiri bisa al'adar wancan zamani ba, ba a naɗe ta da zane ba, aka jefar da ita a fili domin an ƙyamace ta. Allah ya zo wucewa, ya gan ta tana birgima cikin jini, ya umarce ta ta rayu. Kowace uwa a Zumuntar Mata ta san abin da wannan jeri yake nufi. A ƙasarmu ungozoma ce ke yanke cibi, kaka ce ke dafa ruwan wanka, maƙwabta su kawo kunu, ran suna dangi su taru a raɗa wa yaro suna. Ta haka jama'a ke cewa: wannan namu ne. Jaririn da aka yar duk an hana shi waɗannan. Annabin kuwa bai ce ga abin da ya sami wata baiwar Allah can ba. Ya ce ga asalin jama'ar Allah kanta. Mu ne 'yar tsintuwar. Ku lura kuma, a cikin wannan sura Allah ya sake biyowa ta wurin bayan ta girma, ya tufatar da ita, ya ƙulla alkawari da ita. Shi ma ya komo.

Asusun Kiristocin farko

A daular Roma, inda Ekklesiya ta yi ƙuruciyarta, yar da jariri ba laifi ba ne. Uba ne ke da ikon karɓa ko ƙi. An tono wata wasiƙa a Masar wadda wani ɗan ƙwadago ya aika wa matarsa daga Iskandariya shekara ɗaya kafin fara lissafin kalandarmu, wasiƙa mai cike da kalaman ƙauna, inda ya umarce ta cewa in ta haifi namiji ta rene shi, in mace ce ta yar. Waliyi Yustin Shahidi, wanda ya yi rubutu a Roma wajen shekarar 155, ya shaida cewa yawancin yaran da aka yar, maza da mata, masu tsintar su kan rene su ne domin karuwanci. Kiristoci sun ƙi wannan al'ada tun farko, har aka san su da haka.

Abin lura shi ne yadda suka tsara taimakonsu. Yustin ɗin nan ya bayyana cewa kowace Lahadi bayan sujada masu hali kan ba da abin da suka ga dama, a ajiye a hannun shugaban taron, shi kuwa ya kula da marayu da gwauraye da marasa lafiya. Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta wajen shekarar 197 cewa suna da asusu wanda kowa ke jefa ɗan abin da ya samu sau ɗaya a wata, ba tilas, ana ciyar da yara maza da mata marasa iyaye daga cikinsa. Sau ɗaya a wata: mu da muka san adashi mun san ƙarfin wannan tsari. Sai a shekarar 374 dokar daula ta mai da kashe jariri laifin kisan kai, bayan Kiristoci sun yi kusan shekara ɗari uku suna tsinta suna reno.

Abin da ya faru a Paris

Misalin da ya fi dacewa da halinmu shi ne na Waliyi Vincent de Paul, wanda ƙungiyar taimakon matalauta ta farish-farish ɗinmu ke ɗauke da sunansa. Mun saba ganin hotonsa riƙe da jariri cikin mayafinsa. Labarin da ke bayan hoton ya fi hoton nauyi.

A zamaninsa ana yar da jarirai ɗari uku zuwa ɗari huɗu kowace shekara a birnin Paris na ƙasar Faransa, a ƙofofin majami'u da bakin tituna. Akwai wani gida kusa da babbar majami'ar birnin inda hukuma ke tara su, amma ba kuɗi, ba isassun masu shayarwa. Akan ɗura wa jarirai maganin barci don su yi shiru. Akan sayar da waɗansu ga mabarata, su karya musu gaɓoɓi su riƙa yawon bara da su. Kusan dukansu mutuwa suke yi. A shekarar 1638 Vincent ya kai waɗansu matan manyan gari, waɗanda suka riga suka haɗa ƙungiyar taimakon marasa lafiya, su gani da idonsu. Gani ya kori ji. Tausayi ya kama su, suka yarda su ɗauki nauyin jarirai goma sha biyu, aka damƙa renonsu a hannun Waliyiya Louise de Marillac da 'yan matan ƙauye da ita da Vincent suka tara tun 1633, waɗanda suka zama ƙungiyar Sistocin da ke aiki a Nijeriya har yau. Da farko sun gwada nonon akuya, daga baya suka koma ga ɗaukar mata masu shayarwa da lada. A 1640 suka yanke shawarar karɓar dukan jariran birnin.

Nan ne wahalar ta soma. Jariri ba ya mutuwa in an kula da shi, in bai mutu ba kuwa zai girma, zai ci, zai sa tufa, ga waɗansu sababbi na zuwa kowane mako. Nasarar aikin ita ce ta ninka kuɗinsa. Sarki ya ba da wani abu kowace shekara, amma bai kai ko rabin abin da ake kashewa ba. Louise ta riƙa aika jariran ƙauyuka a hannun iyalai masu reno, tana tura mutane su zagaya su duba lafiyarsu, amma da yaƙin basasa ya ɓarke a 1648 kuɗi ya yanke, har masu renon suka fara komo da yaran saboda ba a biya su ba. Matan da suka fara aikin da hawaye suka gaji. A ƙarshen shekarun 1640 aka kira taro don a yanke shawara ko za a ci gaba ko a bari.

Vincent bai zage su ba, bai kuma yi musu daɗin baki ba. Ya tuna musu cewa tausayi ne ya sa suka ɗauki yaran nan a matsayin 'ya'yansu, suka zama iyayensu ta wurin alheri sa'ad da iyayen da suka haife su suka yashe su. Sa'an nan ya ce su ajiye uwantaka na ɗan lokaci su zauna a kujerar alƙali, domin rai da mutuwar yaran na hannunsu, shi kuwa zai ƙirga ƙuri'a. Suka zaɓi ci gaba. Waɗansu suka sayar da kayan adonsu. Aikin ya tsaya da ƙafarsa, har a 1670, shekara goma bayan rasuwar Vincent da Louise, gwamnatin sarki ta karɓe shi ta mai da shi asibitin jarirai na hukuma.

Ku dubi inda haɗarin ya fito. A 1638 babu wanda ya rasa tausayi. Shekara goma bayan haka ne yaran suka kusa halaka, a hannun mutanen kirki waɗanda suka gaji. Dinari biyun farko sun ƙare, aka shiga lokacin alkawarin komowa.

Daga ina jariran nan suke fitowa?

Ba daga sama suke faɗowa ba. Waɗansu iyayensu mata ne suka rasu a kan gwiwa, dangi kuma ba su da halin sayen madara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan matan da suka mutu ta dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Waɗansu uwa ce mai taɓin hankali da wani marar tsoron Allah ya yi wa ciki. Waɗansu an haife su da naƙasa, aka ce ba mutane ba ne. Waɗansu hare-haren da suka watsa ƙauyuka ne suka raba su da nasu. Da yawa kuwa 'ya'yan 'yan mata ne, 'yan makaranta ko 'yan aikin gida, waɗanda wanda ya yi cikin ya yi rantsuwa bai san su ba, uba ya ce kada su sake taka masa gida.

A nan dole mu yi wa juna gaskiya. Yarinyar da ta ɓoye ciki wata tara, ta haihu ita kaɗai a bayan gida, ta naɗe jaririn ta ajiye a ƙofar majami'a da asuba, ta yi zunubi mai nauyi. Amma ta ƙi zubar da cikin, ta kuma zaɓi ƙofar da take zaton za a buɗe. Me ya sa ta ji tsoron shigowa da rana da jaririn a bayanta? Domin ta ga abin da aka yi wa wata. Ta ga an nuna yarinya da yatsa, an cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, an bi uwarta da habaici a Zumunta, namijin kuwa yana zaune a kujerar gaba da babbar riga. Ekklesiya tana koyar da tsarkin aure, ba za ta daina ba. Amma jama'ar da ke wa'azi a kan zubar da ciki, sa'an nan ta mai da haihuwar abin da ya fi mutuwa ciwo, ita ma tana da hannu a cikin kwalin da aka tsinta a bola.

Sai kuma sunan da muke laƙaba wa yaron. Kalmar shege tana bin mutum har kabarinsa, ana tono ta ran da ya je neman aure, ana tono ta ran rabon gona. Har karin magana muke kafa hujja da shi, wai tsintacciyar mage ba ta mage. Vincent ma ya yi fama da wannan tunani, har a cikin Sistocinsa, domin mutanen zamaninsa na kiran yaran nan 'ya'yan zunubi. Abin mamaki, Louise de Marillac kanta ba ta hanyar aure aka haife ta ba, ba ta kuma taɓa sanin mahaifiyarta ba. Ekklesiya ta ɗaukaka ta cikin waliyai a 1934, a 1960 kuma Paparoma Yohanna na 23 ya naɗa ta majiɓinciyar masu aikin jin daɗin jama'a. Tsohuwar Dokar Ekklesiya ta 1917 ta sa irin wannan haihuwa cikin abubuwan da ke hana mutum zama firist sai da izini na musamman. Sabuwar Doka ta 1983 ta share wannan. Yaron da aka tsinta a kwata yau yana iya tsayawa a bagade gobe ya keɓe gurasa, mu durƙusa mu karɓa daga hannunsa.

Masauki da abin da yake ci

Paparoma Benedikt na 16, a wasiƙarsa ta farko ga dukan Ekklesiya a 2005, ya koyar cewa aikin ƙauna ɗaya ne daga cikin ayyuka uku da Ekklesiya ba za ta iya sakin su ba, tare da shelar Maganar Allah da hidimar Sakramenti, ya kuma ce wannan aiki yana bukatar tsari da ƙwarewa. Farish ɗin da ya gina hasumiya ya sayi sababbin ganguna amma ba shi da layi ko ɗaya na marayu a cikin kasafin kuɗinsa, ya bar sulusin aikinsa.

Kowa ya san yadda muke yi. A makon Kirsimati motoci kan yi layi a ƙofar gidan marayu, a sauke shinkafa da biskit da lemo, a jera yara su yi waƙa, a ɗauki hoto. Allah ya saka wa masu yi da alheri, ban raina ba. Amma jariri ɗan wata biyu ba ya cin biskit. Madarar gwangwani yake sha dare da rana, gwangwani kuwa ba ya daɗewa. Akwai sabulu da kunzugu, gidan sauro da maganin zazzaɓi, kuɗin asibiti ran da numfashi ya sarƙe da tsakar dare, kuɗin makaranta na waɗanda suka tasa, itace ko gas, da ruwa. Sama da duka akwai albashin matan da ke kwana a zaune suna jijjiga 'ya'yan da ba su haifa ba, su ma da nasu 'ya'yan a gida. Ba wanda ke son ba da kuɗin albashi, domin ba a ɗaukar hotonsa. Amma ku tuna 'yar Fir'auna a Fitowa sura ta 2: da ta ji tausayin jaririn da ke kuka a cikin kwando, abu na gaba da ta yi shi ne yanka wa mai shayarwa lada. A watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, hanya ta lalace, a lokacin ne gidan ya fi bukata, a lokacin ne kuma ƙofarsa ta fi shiru.

Saboda haka naira kaɗan da ke zuwa kowane wata ba fashi ta fi buhu goma da ke zuwa sau ɗaya a shekara amfani, domin da ita ce Sista za ta iya yin lissafi. Manomi da ba shi da kuɗi yana da mudun masara, da wake, da waken suya, da gyaɗa a lokacin godiyar kaka. Ma'aikaciyar jinya tana da yammacin Asabar ɗaya a wata. Mai gyaran famfo yana da hannunsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai bayarwa kuma yana da haƙƙin tambaya. Dokar Ekklesiya, sashe na 1267, ta ce baikon da aka bayar domin wata manufa ba za a karkatar da shi zuwa wata ba, sashe na 1287 kuma ya wajabta wa masu riƙon dukiyar Ekklesiya su ba masu bi bayanin abin da suka bayar. Baikon marayu ba na rufin gidan Fada ba ne, ko da rufin na yoyo. Gidan kirki yana da rajista da hukuma, yana da littafin da aka rubuta ranar da kowane yaro ya zo da inda aka same shi da wanda ya kawo shi, ba ya kuma jin haushin mai son ganin lissafi. Basamariye ma da ya ce zai biya in ya komo, ai lissafi zai tarar.

Ba a dawwama a masauki

Iyayen Ekklesiya na dā, irin su Waliyi Agustin, sun fassara masaukin nan da Ekklesiya, Basamariyen kuma da Kristi kansa wanda zai komo. Fassara ce mai daɗi. Amma ko a zahirin labarin, ba wanda ya kai majinyaci masauki don ya tsufa a can. Ana jinyarsa ne don ya tashi ya koma cikin mutane.

Ilimin zamaninmu ya tabbatar da wannan. Bayan faɗuwar mulkin kwaminis a Romaniya a 1989, duniya ta ga dubban yara a manyan gidajen reno na gwamnati, suna da gado da abinci amma ba mai ɗaukarsu, har sun daina kuka domin kuka bai taɓa kawo kowa ba. Daga shekarar 2000 masana suka bi yara 136 a birnin Bukares, aka mai da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda suka shiga iyali sun fi waɗanda suka zauna a gidan reno ci gaba a hankali da magana da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu. A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idar cewa yaro ƙarami, musamman wanda bai kai shekara uku ba, a cikin iyali ya kamata a rene shi. A 2020 ƙungiyar shugabannin Sistoci ta duniya da ke Roma ta ƙaddamar da shiri a kan wannan turba, bayan Sistocin Yuganda da Zambiya da Kenya sun riga sun fara. Wannan ba zargi ba ne ga Sistocinmu. Mace ɗaya, kome ƙaunarta, hannu biyu gare ta da baya ɗaya.

Mu kuwa ba baƙin wannan hanya ba ne. Kakanninmu ba su san gidan marayu ba, sun san riƙo. In uwa ta rasu, inna ko goggo ko kaka ta ɗauka, aka ce ɗa na kowa ne. Gaskiya ne riƙo yana da nasa ciwon. Mun san 'yar riƙon da ke tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, 'ya'yan gida na makaranta ita tana talla. Wannan riƙon sakainar kashi bauta ce da aka sauya wa suna, Kirista kuma zai ba da amsa a kanta. Amma gyara al'adar ya kamata mu yi. Sau da yawa kakar da ke ƙauye za ta karɓi jikanta da murna in an taimake ta da madara da kuɗin magani na shekara biyun farko, abin da za a kashe kuwa bai kai na riƙe yaron a gidan reno ba.

Ga ma'auratan da Allah bai ba haihuwa ba, waɗanda suka sha zagayen asibiti da gidajen addu'a, dangi kuma na matsa wa miji ya ƙaro mata, ina roƙonku ku yi tunani a kan wannan ƙofa. Dokar Ekklesiya, sashe na 110, ta ce yaron da aka ɗauka bisa dokar ƙasa ɗan waɗanda suka ɗauke shi ne. Waliyi Yusufu bai haifi Yesu ba, amma shi ya raɗa masa suna, ta wurinsa kuma aka lasafta shi cikin zuriyar Dawuda. Sai dai a bi ta ƙofa. Nijeriya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, kowace jiha kuma da yadda ta tsara tata, hanyar kuwa ta ofishin jin daɗin jama'a ce da kotu. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya ba ku jariri a ɓoye, ko da yana sanye da farar riga ko yana riƙe da Littafi Mai Tsarki, fataucin mutane yake yi, mai saye kuma abokin laifinsa ne a gaban hukumar NAPTIP da gaban Allah.

Haka nan wanda ya tsinci jariri: a lulluɓe shi ya ji ɗumi, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a sanar da 'yan sanda da mai unguwa, kada a ɓoye shi a gida ko da da kyakkyawar niyya. Muna zaune da maƙwabta Musulmi, waɗanda malamansu na fiƙihu ma suka ce ɗaukar yaron da aka tsinta farilla ce a wuyan jama'a. In bincike ya gano dangin yaro, nasu ne, kowane addini suke bi. Sashe na 870 na Dokar Ekklesiya ya tanadi baftisma ga jaririn da aka yar, sai in bincike sosai ya tabbatar an riga an yi masa baftisma, kuma wannan hukunci na waɗanda doka ta damƙa wa yaron ne, ba na mai tsintuwa ba, sai fa in rai na bakin fita.

Akwai abu ɗaya da kusan kowane iyali zai iya yi. Yaron da aka yi wa baftisma a gidan reno yana bukatar uba da uwa na baftisma, sau da yawa kuwa sunan duk wanda ke kusa a ranar ake rubutawa. Ya fi kyau su fito daga iyalan farish, mutanen da za su san ranar haihuwarsa, su zo ran da ya karɓi Jibin Ubangiji na farko, su duba sakamakon jarrabawarsa, in hukumar gidan ta yarda ya yi hutu a ɗakinsu tare da 'ya'yansu, ran da ya isa aure kuma a sami wanda zai shige gaba ya nema masa. Wanda ya san ba zai iya ɗorewa ba, gara kada ya fara, domin yaron da aka yar sau ɗaya ba ya bukatar a sake yar da shi.

Ina roƙon kowace majalisar farish, a zamanta na gaba, ta karanta Ezekiyel 16 daga aya ta 1 zuwa ta 14 tare da Luka 10, sa'an nan ta tsai da adadin da za ta riƙa aikawa kowane wata, da sunan mutum biyu da za su riƙa kai shi su karɓo rasit, da watan da kowace ƙungiya za ta kai ziyara, a raba watannin yadda damina ba za ta zama fanko ba. Katikis na kowace majami'ar ƙauye ya rubuta sunayen iyalan da ke son zama iyayen baftisma ya miƙa wa Fada kafin idin Waliyi Vincent, ran 27 ga Satumba. Masu zuwa ziyara su sanar da Sistoci tukuna, su tambayi abin da ya ƙare a ɗakin ajiya kafin su shiga kasuwa, kada kuma a ɗauki hoton fuskar yaro a watsa a waya.